Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masana Kayan Lambu Da Ƙasar Noma Kan Gindin Da Ya Dace A Aura Wa Inabinmu

Zuwa ga shugabanni da manazarta na Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, musamman na tasharta da ke Bagauda a Jihar Kano, da kuma malaman kimiyyar ƙasar noma na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na zaɓi in rubuto muku a fili ne saboda maganar ta shafi mutanen da galibinsu ba za su taɓa taka ƙofar ofisoshinku ba, wato manoman da suka rungumi noman inabi a 'yan shekarun nan a Ƙaramar Hukumar Kudan da kewayen Zariya, da masu shirin bin sahunsu daga wasu jihohi. Lambun inabi jari ne mai nauyi. Mutum yakan sayar da dabbobi ko ya ci bashi, ya kafa rumfunan ƙarfe da waya, ya haƙa rijiyar burtsatse, sannan ya dasa itacen da yake sa ran zai ciyar da iyalinsa shekara 20 ko fiye. Akwai shawara guda da ake yankewa ranar dashe wadda ba a iya gyara ta daga baya sai an tumɓuke lambun gaba ɗaya, ita ce irin saiwar da itacen zai rayu a kanta. Roƙona shi ne ku kafa gwaji na dogon lokaci a kan wannan a ƙasarmu, kuma ku riƙa auna ƙananan halittun da ke zaune a jikin saiwar tare da auna nauyin amfanin da aka tsinka.

Kowane mai lambu a ƙasar Hausa ya san mangwaro ɗan aure, ya kuma san cewa ana samun gindi mai juriya ne a ɗaura masa reshen irin da kasuwa ke so. A duniyar inabi wannan aure ya zama dole ne ta hanyar masifa. A wajajen shekarar 1863 aka fara ganin itatuwan inabi suna bushewa a kudancin Faransa ba tare da an gane dalili ba, har sai a 1868 da masanin tsirrai Jules-Émile Planchon da abokan aikinsa suka tono saiwar itacen da bai gama mutuwa ba, suka tarar da wasu ƙananan ƙwari masu launin ɗorawa sun lulluɓe ta. Wannan ƙwaro, filoksera, daga Arewacin Amurka ya shigo a jikin dashen da aka yi safararsa, kuma tsakanin 1875 da 1889 abin da garaken Faransa ke samarwa ya faɗi da fiye da kashi biyu cikin uku. An gwada ambaliya a gonaki, an gwada zuba guba a ƙasa, amma abin da ya ceci noman shi ne aura inabin Turai a kan gindin inabin dajin Amurka, wanda ya daɗe yana zama da ƙwaron har ya saba da shi.

Ko a wancan lokacin ƙasa ta nuna cewa ita ma tana da ta cewa. Gindin farko da aka kawo ya kasa jure ƙasa mai farar ƙasa ta wasu yankunan Faransa, ganye ya riƙa yin rawaya saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe, har aka tura Pierre Viala zuwa Amurka a 1887 neman irin da ke tsiro a kan duwatsun farar ƙasa. A Teksas ya sami taimakon Thomas Volney Munson na garin Denison, wanda ya nuna masa inabin dajin da ya dace. Daga barbarar irin waɗannan inabin daji na Amurka ne aka samo gindayen da kuka san sunayensu, su 110 Richter da 1103 Paulsen da 140 Ruggeri da SO4 da 3309 Couderc, waɗanda yawancinsu sun haura ko sun kusa shekara 100, kuma an zaɓe su ne domin ƙwaro da farar ƙasa da fari, a zamanin da babu kayan aikin da za a iya tantance dubban halittun da ke maƙale a saiwarsu.

Amma ko labarin filoksera kansa bai cika ba sai an sa waɗannan halittu a ciki. Ƙwaron yana huda saiwa ne ya tsotsa, wurin ya kumbura ya tsage, sannan fumfunar da ke cikin ƙasa, irin su Fusarium da Pythium, ta shiga ta raunin ta ruɓar da saiwar. A 1999 wasu manazarta a Kalifoniya, cikinsu har da Jeffrey Granett, suka kwatanta garaken da ake ciyarwa da takin gargajiya da ciyawar rufe ƙasa da waɗanda ake nomawa da sinadarai zalla, suka ga cewa ƙwaron yana nan a ɓangarorin biyu, amma ruɓewar saiwa ta fi tsanani ƙwarai a na biyun. Ke nan yawan ɓarnar da ƙwaro zai yi ya danganta da waɗanda ya tarar a cikin ƙasar.

Yadda saiwa ke tara waɗannan halittu abu ne da ya kamata manomi ya sani, domin yana faruwa a gonarsa kullum. Tsiro yana fitar da wani kaso na abincin da ganyensa ya haɗa ta bakin ƙananan saiwoyi, sukari da ruwa mai tsami da wasu sinadarai masu aika saƙo, kuma kamar gidan da ake dafa abinci a ƙofarsa, abin da ke cikin tukunya shi ke zaɓen baƙin da za su taru. Wanda ya taɓa tumɓuke wake ko gyaɗa ya tsaga ɗan ƙullutun da ke jikin saiwar ya ga cikinsa ja-ja, ya ga gidan bakteriyar da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska. Wuta-wutar da ke cinye mana dawa da gero ma da irin wannan saƙo take aiki, domin ƙwayarta takan kwanta shekaru a ƙasa har sai ta ji sinadarin da saiwar dawa ta fitar kafin ta tsiro. An fara tace wannan sinadari daga saiwar auduga a 1966, kuma sai a 2005 masana a Japan suka nuna ainihin dalilin da tsiro ke fitar da shi, wato kiran wata fumfuna mai amfani da ake kira maikoriza, wadda ke shiga cikin saiwa ta baza zaruruwanta masu sirantaka zuwa inda saiwa ba ta kaiwa, ta kawo fosfaras da ruwa ta karɓi sukari. Inabi na daga cikin itatuwan da suka dogara sosai da wannan fumfuna, saboda ƙananan saiwoyinsa ba su da yawan gashi. Tunda kowane gindi yana da nasa tsarin saiwa, wani ya nutsa ƙasa sosai kamar 110 Richter, wani ya bazu kusa da sama kamar Riparia Gloire, kuma abin da suke fitarwa ya bambanta, babu mamaki idan jama'ar da ke taruwa a kansu ta bambanta.

An auna wannan a wurare da dama, kuma sakamakon ya cancanci a karanta shi da natsuwa. A 2018 Ramona Marasco da abokan aikinta suka buga nazarin da suka yi a yankin Oltrepò Pavese na arewacin Italiya, inda aka ɗauki inabi iri ɗaya mai suna Barbera, wani a kan saiwarsa ta asali, wani a kan gindi daban-daban, duk a gona guda. Sun tarar cewa gindi yana sauya nau'o'in bakteriyar da ke cikin saiwa da kewayenta da kuma yadda suke cuɗanya da juna, sai dai ayyukan da suke yi wa tsiro, irin su narkar da fosfaras da samar da sinadaran girma, sun kasance a kowane gindi. A shekarar dai wani nazari kan inabin Lambrusco a Italiya ya kwatanta gindin 5BB da na 1103 Paulsen, ya danganta bambancin shan fotash tsakaninsu da bambancin bakteriyar da kowannensu ya tara. A 2019 Carmen Berlanas da abokanta a Sifaniya suka duba gindi 5 a garaka biyu, ɗaya a La Rioja da ta haura shekara 20, ɗaya a Navarra da ba ta kai shekara 10 ba, suka ga tasirin gindi ya fito sarai a tsohuwar garkar, a sabuwar kuwa bai bayyana haka ba. A jihar Missouri ta Amurka kuma, nazarin 2021 kan inabin Chambourcin ya nuna cewa sashen jikin itacen, wato saiwa ko ganye ko 'ya'ya, ya fi gindi tasiri nesa ba kusa ba wajen tantance halittun da ke wurin, duk da cewa gindi da ban ruwa sun taɓa wasu rukunoni.

Abin da na fahimta daga haɗa waɗannan shi ne, gindi yana zaɓe, amma daga cikin abin da ƙasa ta ajiye yake zaɓa, kamar yadda wani nazari na 2015 kan inabin Merlot a tsibirin Long Island na Amurka ya nuna cewa ƙasa ce rumbun da yawancin bakteriyar itacen ke fitowa. Wannan shi ne ginshiƙin roƙona. Duk nazarce-nazarcen nan an yi su ne a ƙasashen da inabi ke zubar da ganye ya yi barcin hunturu watanni, ƙasa ta yi sanyi, halittun cikinta su lafa. Mu kuwa ƙasarmu takan yi zafin da ba a iya taka ta a watan Afrilu, ruwan damina ya zuba cikin wata 4 ko 5 ya ɗauke, sannan a koma ban ruwa, kuma ƙasar yankin sabana an san ta da ƙarancin ruɓaɓɓen ganye da ƙarancin fosfaras. A irin wannan ƙasa mai yunwar fosfaras ne maikoriza ta fi amfani, don haka gindin da ya fi iya ƙulla hulɗa da ita zai iya rage wa manomi buhunan kamfa da supa da yake saya da tsada. Sakamakon Italiya ba zai faɗa mana wane gindi ne wannan a jangargarin Zazzau ko a jigawar Kano ba. Darasin Sifaniya kuma yana gargaɗi cewa gwajin shekara 2 ko 3, irin wanda ake yi domin kammala digiri, zai iya ƙarewa da cewa babu bambanci, alhali bambancin bai kai ga fitowa ba ne kawai.

Ƙasashen da suka fi kama da mu su ne Indiya da Burazil, kuma a can ya kamata a fara neman gindin gwaji. Manoman jihar Maharashtra ta Indiya, musamman na Nashik da Sangli, sun daɗe suna dasa inabin Thompson Seedless a kan saiwarsa ta asali, har gishirin ruwan ban ruwa da fari suka tilasta musu komawa aure, inda Dogridge, ɗaya daga cikin irin da Munson ya zaɓo a Teksas, ya mamaye garakunsu, daga baya 110 Richter ya sami karɓuwa. Suna da cibiya ta musamman kan inabi a Pune, kuma suna datse itacen sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, saboda ba ya barci da kansa. A kwarin kogin São Francisco na Burazil, kewayen Petrolina, wanda nisansa daga layin ikwaita da ya raba duniya biyu ya yi kusa da na Zariya, ana tsinkar inabi sau biyu a shekara a kan gindin da cibiyar Campinas ta ƙirƙiro domin ƙasar zafi, su IAC 313 da IAC 572 da IAC 766. Kowannensu yana da halinsa. Dogridge, alal misali, yana da ƙarfin tsiro fiye da kima, ta yadda a ƙasa mai ƙarfi zai iya cika rumfa da ganye ya rage 'ya'ya, kuma yankansa yana da wuyar kama saiwa a wurin reno.

Akwai maƙiyin da na fi jin tsoro a wurinmu, shi ne tsutsar nan ta cikin ƙasa da ido ba ya gani, mai sa saiwa ƙulle-ƙulle. Duk wanda ya yi noman rani na tumatir ko kuɓewa a ƙasa mai yashi ya san alamarta: tsiro ya yi yaushi da tsakar rana alhali an ba shi ruwa da safe, in aka tumɓuke shi aka kakkaɓe ƙasar sai a ga saiwar ta kumbura gaɓa-gaɓa, kuma kumburin ba ya ɓantaruwa da farce yadda ƙullutun wake ke yi, domin naman saiwar ne kansa ya lalace. Wannan tsutsa tana cin inabi, tana son zafi da yashi da ban ruwa, kuma lambun inabi yakan gaji filin da aka daɗe ana kayan miya a cikinsa. Raunin da take yi, kamar na filoksera, ƙofa ce ga fumfunar ruɓa. Gindin Ramsey da Dogridge da Freedom da Harmony an san su da juriya gare ta, sai dai a Kalifoniya an riga an ga jinsinta da ya karya juriyar Harmony da Freedom, don haka wajibi ne a gwada su da tsutsar da ke cikin ƙasarmu.

Ina kuma roƙon kada a bar manoma su tattaru a kan gindi guda, komai kyawunsa a farkon gani. Masana a Kalifoniya sun ba da shawarar gindin AxR1 tun ƙarshen shekarun 1950 saboda yawan amfaninsa da sauƙin aurensa, duk da cewa Faransa ta riga ta yi watsi da shi saboda raunin juriyarsa, kuma mafi yawan garaken yankunan Napa da Sonoma na jihar suka hau kansa. A farkon shekarun 1980 wani jinsin filoksera ya ci ƙarfinsa, aka tumɓuke dubban kadada, kuma ana ƙiyasta kuɗin sake dashen ya haura dala biliyan 1. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Manomin Kudan ba shi da bankin da zai ba shi bashin sake kafa lambu.

Sai batun tsabtar dashe, wanda ba ya rabuwa da wannan. Yankan inabi yana tafiya da halittunsa a cikin jijiyoyinsa, masu amfani da masu cutarwa. Bakteriyar da ke sa ƙari a gindin itacen, wadda ake kira Allorhizobium vitis, takan zauna shiru a cikin reshe mai kyan gani har sai an ji masa rauni, kuma yankan aure rauni ne. Haka fumfunonin da ke baƙanta cikin kututture da gindin ƙananan itatuwa, waɗanda aka tabbatar a ƙasashe da yawa cewa wuraren reno ne ke yaɗa su. Hanya mafi sauƙi ga mai fara lambu ita ce ya karɓi yanka daga maƙwabci ko ya sa a shigo masa da shi a jaka daga waje, kuma ta irin wannan hanya ce filoksera ya tsallaka teku. A ƙasashen inabi ana tsoma yanka a ruwa mai zafin digiri 50 na minti 30 kafin aure domin rage waɗannan cututtuka, aiki ne da ganga da ma'aunin zafi za su iya yi, sai dai a can ana yi wa reshen da ke barcin hunturu ne, saboda haka yana buƙatar ku gwada shi a kan namu kafin a koya wa manoma. A nan akwai rawar da hukumar killace kayan gona ta ƙasa za ta taka tare da ku, ta yadda za a sami lambun uwa guda mai tsabta da masu reno za su riƙa yanka daga gare shi.

Dalilin gaggawata shi ne kasuwa ba ta jira. Da zarar maganar halittu masu amfani ta bazu, za a cika shaguna da kwalabe da leda masu alkawarin ninka amfani, kuma manomin da ya zuba dukiyarsa a rumfa zai saya. Wasu irin waɗannan kaya suna aiki idan an dace da tsiro da ƙasa, kamar yadda aka gani a maganin shafa wa irin waken suya, amma halittar da aka raino a wata nahiya sau da yawa ba ta iya yin gogayya da 'yan gida, balle idan ta kwana a zafin shago. Sannan abin da manomi ke yi da hannunsa yana iya rushe abin da gindi ya tara, domin yawan zuba fosfaras yana sa saiwa ta rage hulɗa da maikoriza, jan ƙarfen da ke cikin maganin feshin cutar ganye ta damina kuma yana taruwa a ƙasa shekara bayan shekara, kamar yadda ya taru a tsofaffin garaken Turai tun da masanin tsirran Faransa Millardet ya yaɗa maganin feshi mai jan ƙarfe da ake kira haɗin Bordeaux a 1885.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. A kafa fili a Bagauda, wani a Samaru, wani kuma a cikin gonakin manoman Kudan da yardarsu, a aura irin da suke nomawa yanzu a kan gindi 5 ko 6 tare da layin da aka bari a kan saiwarsa domin kwatance, a raba kowane fili tsakanin takin turke da takin zamani, a kuma ɗaura niyyar riƙe shi shekara 10 aƙalla. A ɗebi ƙasa a adana kafin a dasa komai, domin wannan ma'auni ba ya dawowa. Yawan maikoriza a saiwa ana iya ganinsa a madubin ƙara girma bayan an dafa saiwar an rina ta da tawada da ruwan khal, ƙidayar tsutsa kuma tana buƙatar rariya da takarda mai laushi da faranti ne kawai, aikin da ɗalibanku za su iya yi kowace damina da kowane rani. Tantance halittu ta ƙwayoyin gadonsu shi ne mai tsada, amma ana iya daskarar da samfuri a ajiye a firiza mai aiki da hasken rana har a sami abokan haɗin gwiwa a Pune ko Petrolina. A haɗa kowane ma'auni na ƙasa da nauyin 'ya'ya da zaƙinsu da yawan ruwa da takin da aka kashe, saboda da waɗannan ne manomi zai yanke shawara.

Idan sakamako ya fara fitowa, ina roƙon a fitar da shi da Hausa ta hannun malaman gona da shirye-shiryen rediyo na cibiyar yaɗa ayyukan gona da ke Samaru, a kuma gayyaci masu lambu ranar tonon saiwa su ga bambancin da idonsu. A koya wa matasan da suka ƙware a auren mangwaro da lemo yadda ake auren inabi, domin hannunsu ya riga ya saba da wuƙa da leda. Na tabbata za a sami masu lambun da za su ba da layi biyu ko uku na gonarsu domin wannan gwaji idan kuka nema, kuma dashen farko zai iya shiga ƙasa a damina mai zuwa in an fara neman gindin tun yanzu.

Allah ya ƙara muku basira, ya sa albarka a aikinku. Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai kishin noman lambu daga ƙasar Zazzau